Majigin da Aka Kai Ɗakin Mata

Cikin duk shekarun da na yi ina kula da zauren taro na makarantarmu, ranar da ba ta fita raina ba ita ce ta bikin yaye ɗalibai, a ƙarshe-ƙarshen mulkin soja. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashin Injiniya Sani, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Ƙofar Taramniya.

Zauren kashi biyu ne: na maza, da ɗakin mata a bayan katanga. Kowanne yana da majigi, na'urar da ke haska hoto a bango. Injiniya ya raba wayoyin kwamfuta gida biyu kamar unguwanni. Kowace na'ura tana da lamba mai gaɓa huɗu, gaɓa ta uku ce ke nuna unguwarta: ɗaya ta maza, biyu ta mata. Daga ɗan ɗakinsa yake buga umarni, majigi ya kunnu ko ya mutu. An yi haka ne don idan matan aure suka zauna, namiji ba ya shiga.

Da safe Mataimakin Shugaba ya kira ni.

"Garba, uwayenmu mata baƙi na. Ba a ba baƙo tsohon abu. Kai musu sabon majigi."

Na musanya na maza da na mata, na jona wayoyi. Babu wanda ya ga laifin haka, domin tarbiyyarmu ke nan.

Mata suka cika ɗaki, aka saki labule. Wakilin gwamna na hanya, soja kuwa ba ya jira. Injiniya ya buga umarni, shiru. Ya sake, shiru. Da na faɗa masa abin da aka yi, sai ya dafe kai.

"Kun kai shi unguwar mata da lambar unguwar maza. Ina kira, ba ya ji."

Na maza mun gyara da hannu nan take. Na mata fa? Ga uwaye sun zo daga ƙauyuka don su ga 'ya'yansu suna karɓar takarda, ga farin bango fayau.

Sai na tuna da Hajo, taubashiyata, tana ciki, ɗanta na cikin masu fita. Ita ma tana ajin mata na yaƙi da jahilci. Na tsaya bayan taga na aika aka kira ta.

"Bawana, mi ya kawo ka bayan ɗakin mata?"

"Uwargijiya, taimako. Hau kujera, akwai maɓallai a cikin na'urar ga."

"Ni da jikoki in hau kujera? To, ka san goron Sallah ya ninku."

Na ruga wurin Injiniya, na dawo da bayani, na sake rugawa. Zufa har cikin takalmi. Jiniyar wakilin gwamna ta fara tashi daga wajen Gidan Igwai.

"Ga lambobi sun fito," in ji Hajo.

"Ƙirga gaɓa ta uku, mai da ɗaya biyu."

"Na wuce, ta koma ukku."

"Koma baya, Hajo, a hankali."

"Kai ka yi a hankali. Ni ba a kore ni aji ba."

Ana buɗe taro da addu'a na isa ɗakin Injiniya. Ya buga umarni, muka zuba wa allon ido. Kalma ɗaya ta fito, na haɗa baƙaƙenta a raina ban gama ba, sai guɗa ta tashi daga bayan katanga.

Tun ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata: na'ura ma tana da unguwa, kada ka tashe ta ba ka sanar da mai kiranta ba. Kuma a garinmu, wanda zai shimfiɗa waya ya fara tambaya wace ƙofa ce ba zai iya shiga ba. Injiniya da kansa ya nemi a koya wa mata biyu aikin. Hajo ce ta farko, kuma har yau ba ta yafe mini goron ba.