Hular da Baba Ya Kama Wuri da Ita a Jirgin Ruwa

Ko zan manta da duk tafiye-tafiyen da na yi a rayuwata, ban da yinin da muka yi ni da mahaifina a wani ɗan gari na bakin teku. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi.

Ƙanena ne ya jawo mana. Yana aikin jinya a Turai, ya dage cewa Baba bai taɓa hutawa ba, daga noman damina sai na rani, don haka zai kai shi hutu a irin manyan jiragen ruwan nan masu ɗakunan kwana da ke yawo gari-gari. Ni da nake koyarwa a Rano aka ce in raka shi. Baba manomin albasa ne a Kibiya, kuma bai taɓa yarda akwai abin da gaisuwa da haƙuri ba za su gyara ba.

Rana ta huɗu jirgin ya tsaya da safe. Aka sanar cewa kowa ya dawo kafin ƙarfe biyar, wanda ya makara kuma sai ya san yadda zai yi ya tarar da jirgin a wata ƙasar. Ƙanena jiri ya kwantar da shi, ya zauna a ɗaki, inda fasfo ɗinmu da maganin hawan jinin Baba suke. Na ce, "Baba, biyar za mu dawo." Ya ce, "Allah ya kai mu." Kafin mu sauka na ga ya je kujerar da yake zama kullum yana kallon ruwa, ya ciro wata hula daga aljihu ya ɗora a kai. Ban tambaye shi dalili ba, kuma da na tambaya da na huta.

Gaskiya safiyar ta yi daɗi. Gidaje farare ƙal, ƙananan kwale-kwale a jere, masunta suna gyaran raga, kyanwoyi suna zagaye su. Muka ci gasasshen kifi da burodi, muka yi azahar a gindin wata bishiya. Har takalmi na cire na tsoma ƙafa a ruwa. Na daɗe rabona da in zauna haka ba tare da tunanin littattafan ɗalibai ba.

A 'yar kasuwarsu lamarin ya lalace. Wani tsoho ya rataye albasa an kitse ta da ganyenta kamar gashin mace. Baba ya tsaya cak. Ya latsa ɗaya, ya shinshina, ya ce, "Wannan ya san aikinsa. Uwata, tambaye shi yaya yake yi ba ta ruɓe masa." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Tsohon ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma cikin minti biyar sun sallame ni. Da hannu suke hira, suna dariya, kamar tare suka yi yarinta. Can sai tsohon ya tattara kayansa ya nuna saman dutse, wai gonarsa. Lokacin biyu da rabi.

Muka bi shi muka hau dutsen, ina haki, su ko a jikinsu. Baba ya tsuguna yana murza ƙasa, yana zana masa yadda muke yin fangali da yadda muke kora ruwa. Matar tsohon ta kawo burodi da man zaitun da cuku. Na duba agogo.

"Baba, ƙarfe huɗu fa."

"Uwata, mutum ya kawo maka abinci har gabanka, sai ka kama duba agogo?"

Ya ci a natse, ya nemi ruwa ya yi alwala, muka yi la'asar. Muna sallamewa na ji jirgin ya yi wata irin ƙara daga ƙasa. Na miƙe zumbur. Baba kuwa ko ɗagowa bai yi ba.

"Na farko ne," in ji shi. "Direban Kibiya ma sau nawa yake danna ham kafin ya tashi? Kuma ai na bar hulata a kujera. Duk wanda ya gani ya san da mai wurin."

Sai a lokacin na gane. A tasharmu, in ka ɗora hula ko jaka a kujerar mota, ka kama wuri ke nan. Kana iya tafiya ka yi cefane, ka biya ta'aziyya, ka dawo. Direba zai yi ta mita, fasinjoji su yi ta tsaki, amma ba za a tashi a bar ka ba. Baba da wannan lissafin ya sauko daga jirgin da ya fi garinmu yawan fitilu.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Baba, wallahi jirgin nan ba ya duba hula. Maganinka yana ciki, fasfo ɗinmu yana ciki. In ya tashi, ban san kowa a nan ba, ban san yadda zan yi da kai ba." Ya kalle ni, ya ga hawaye, ya miƙe tsaye.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Tsohon ya ɗauki sandarsa zai yi mana rakiya, ga shi a gangara ɗingishi yake yi. Baba kuma ba zai taɓa wuce mai rakiyarsa ya bar shi a baya ba. Haka muka gangaro, taku ɗaya-ɗaya, suna tsayawa nuna wa juna shukoki, ni ina gaba ina dawowa kamar kazar da aka kwashe wa 'ya'ya. Ƙanena ya kira ni a waya ya fi sau goma. "Yaya, kuna ina? Biyar ta yi fa." Na ce masa ya tambayi babansa.

Biyar da kwata muka iso, matakalar shiga jirgin tana nan ba a janye ba. Ƙanena yana tsaye a baki, jirin ya warke don dole, gumi ya jiƙa masa riga. Duk da haka sai da Baba ya riƙe hannun tsohon da hannu biyu, ya yi masa addu'a, ya ce a gaida iyali, ya karɓi irin albasa a ƙunshe cikin takarda. Muna shiga ya wuce kai tsaye wurin kujerarsa, ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya juyo ya dube ni.

"Ba ga shi ba?"

Ƙanena ya yi masa bayani cewa wata motar fasinjojin jirgin ce ta makara a hanya, ita ake jira, ba don haka ba da tuni an tafi. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "To ai abin da na faɗa ke nan. Ba a tashi a bar mutane." Kwana biyu ban yi masa doguwar magana ba.

Irin nan bai taɓa yin kai a ƙasarmu ba, sai lawashi. Amma sai da Baba ya ware masa fangali guda, kuma babu wanda ya je gonar bai ji labarin abokinsa na kan dutse ba, da yadda hularsa ta tsayar da jirgi. Na gaji da gyara labarin na bari.

Abin da na koya shi ne laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Na ce masa biyar, ban ce masa wannan biyar ɗin ba irin ta tashar Kibiya ba ce. Tun daga ranar, in zan yi tafiya da babba, sai na fara tambayar yadda shi ya ɗauki abin kafin in faɗi nawa. Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai: da aka tambaye ni abin da na gani a saman dutsen nan, agogon hannuna kawai na iya tunawa. Baba kuwa har launin ƙasar gonar yana faɗa.