Fuskar Inna ta Yumɓu

A kakar shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ana tsakar yankan shinkafa a fadamar Argungu, na zagaya bayan rumbunmu ɗibar kara, sai na ga Inna tana kallona daga ƙasa. Inna kuwa ta rasu tun farkon damina. Na ja da baya. Sai da yayana Bala ya miƙe daga inuwar rumbun, hannuwansa duk laka, sannan na gane kan Inna ne ya gina da yumɓu.

Bala dama ba ya rabuwa da laka. Duk yaran unguwarmu suna gina shanu masu ƙahon ƙaya idan an je wanki bakin gulbi, amma nasa har tozo da leɓe gare su. A makarantar boko shi ke zana wa malamai kifi da taswira a allo. Ni ina gida ina surfe da renon ƙanne, sai da na girma na shiga yaƙi da jahilci.

Inna ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Bala ya ce min idan ya rufe ido fuskarta ta fara guje masa, shi ya sa ya zauna da tsinken tsintsiya yana fitar da tsagarta ta Kabawa layi-layi, har da ɗan tabon da tartsatsin wuta ya bar mata a haɓa. Maƙwabciyarmu Gwaggo Hajo, mai ginin tukwane, ta gani ta riƙe baki. "Wanga yaro, Allah shi shirye ka! Ita ta, wallahi." Ta ce in Baba ya yarda za ta sa kan nan cikin tukwanenta ranar gashi, don ɗanyen yumɓu ba ya kai wata damina.

Da Baba ya dawo daga gona, ya tsuguna gaban fuskar yumɓun yana kallonta. Can ya jiƙa babban yatsansa, ya ɗan gyara gefen leɓen. "Haka take in za ta yi dariya," in ji shi. Mun ɗauka ya yarda. Sai ya miƙe, bai dubi kowa ba, ya ce, "Ba a aje siffar mutum a gidan da ake salla. Ku maishe ta gulbi."

Ni na ɗauke ta a ƙwarya. Bala ya shiga ruwa har gwiwa ya sauke ta a hankali. Tsagar ce ta fara tafiya, sannan hanci.

Daga baya ya tafi Zariya karatun zane da sassaƙa, aka yi ta baje kolin ayyukansa a Kaduna da Ikko. Sau ɗaya na gani, da aka kawo su Birnin Kebbi. Mata ne masu daka da shiƙa da tallar kifi, na fenti da na icce, kowacce ta ba da baya. Baƙi suna ta yaba hikimarsa. Na matsa na tambaye shi me ya sa ba a ganin fuskokinsu, ya ce, "Ladi, tun rannan ban sake ganinta ba."

Yanzu a gidana na unguwar Gesse a Birnin Kebbi, 'ya'yana suna ɗaukar hotona da waya ko ina hura wuta, in yi faɗa, in kuma ƙyale su. Idan na nemi Inna kuwa, muryarta tana zuwa, amma fuskar sai wadda ke narkewa cikin ruwa. Ashe mantuwa ma rashi ce, sai dai ba a zuwa ta'aziyyarta.