Dokin da Ma'azu Ya Yaba

Ma'azu mutumin Maraɗi ne. Yawancin waɗanda suka san shi a Guangzhou da rakiyar baƙi kawai suka san shi. In ɗan kasuwa ya sauka daga Kano ko Yamai bai san gari ba, Ma'azu ne zai tarye shi, ya kai shi kasuwar Baima ya zaɓi kaya, ya taya masa da guntun Sinancin da ya tsinta a bakin masu shaguna, ya bi kayan har sito a ɗaure. Gajere ne, ƙafafunsa sun ɗan gwame. Gida ɗaya muka zauna da shi a unguwar Panyu, inda haya ta fi sauƙi, shi ya sa abin da zan faɗa yawanci a gabana aka yi shi, sauran kuma daga bakinsa na ji.

A barga ya tashi. Mahaifinsa dillalin dawakai ne, kuma tun Ma'azu yana ƙarami masu dawakan sukuwa suke ɗora shi saboda rashin nauyi. Ya ci tsere a Maraɗi, ya ci a Damagaram, an taɓa tsallakawa da shi Katsina. Daga baya jiki ya yi nauyi, wata faɗuwa ta taɓa masa kafaɗa, masu dawakai suka sami wasu mahayan. Da mahaifin ya rasu sai sana'ar ta bi shi. Ma'azu ya bar matarsa Fasuma da 'ya'ya biyu, ya biyo wani ɗan uwansu zuwa ƙasar Sin da niyyar shekara biyu, ya zarce har ya daina faɗin ranar komawa. Bai cika zancen dawakai ba. Sai dai a jirgin ƙasa, in muna dawowa gida, za ka ga ya duƙufa kan waya yana kallon sukuwa, ya kashe sautin.

Babban baƙonsa shi ne Alhaji Umar Faruƙ, Bakano mai sarin takalma. In Alhaji ya zo, Ma'azu ba ya karɓar kowa sai ya tafi. Masana'antar da ke yi wa Alhaji takalma ta wani Basine ce, Lawban Liang, haka muke kiransa, don lawban a bakinsu maigida ne. Liang ya yi arziki da takalmi har ya fara neman inda zai zuba kuɗi ya huta da ƙarar inji. A lokacin ana ta raɗe-raɗin sukuwa za ta bunƙasa a ƙasar, masu kuɗi suna ta sayo dawakai daga waje. Shi ma ya sayi fili a cikin duwatsun arewacin birnin, ya gina barga, ya sayo ingarma daga Ostareliya, irin dawakan tseren nan masu takardar asali kaka da kakanni. Dokin ya ci tsere kaɗan a can, ya ji rauni a ƙafa, aka ajiye shi don barbara. Dabarar Liang ita ce masu goɗiyoyi su riƙa kawowa suna biya, kuma ya kasa dokin hannun jari, ya tallata wa manyan abokan cinikinsa.

Alhaji bai san doki ba sai a hoto, amma ya san Ma'azu ya sani. Wata Asabar da hantsi Liang ya aiko mota ta ɗauke su.

Ma'azu ya ba ni labarin ranar sau da yawa, kuma kullum daga wari yake farawa. Ya ce yana sauka daga mota ƙamshin ciyawa da kashin doki ya buge shi, sai da ya dafa ƙofar motar. Aka fito da dokin. Ja ne mai baƙar geza da baƙar wutsiya, irin wanda ake ce wa bikili, dogo har Ma'azu ba ya hango bayansa. Ya sa aka yi tafiya da shi, aka juyo, aka sake. Ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har kofato, ya tsaya a kan tabon raunin ya daddanna. Ya kara kunne a ƙirjinsa ya saurari numfashi. Masu kula da bargar sun ja baya, don dokin yana cizo, amma bai taɓa Ma'azu ba.

Alhaji ya gaji da tsayuwa ya ce, "To, Ma'azu, me ka gani?"

"Alhaji, ban taɓa ganin kamarsa ba. Raunin ma na hanya ne, ba ya bin jini." Ya waiga ya dubi bargar. "Amma ingarma rabin ciniki ne. Ina goɗiyoyin?"

A bargar goɗiyoyi ƙalilan ne, su ma tsofaffi. Liang ya yi dariya, ya yi magana a waya ta fassara musu. Ya ce manyan masu kiwo suna can arewacin ƙasar, inda ake da filin ciyawa, kuma in bazara ta yi za su riƙa loda goɗiyoyi a mota suna kawowa. Ya ce a ƙa'idar wannan jinsi dole doki ya hau goɗiya da kansa kafin a ba ɗan takarda, don haka ba su da zaɓi sai su zo. Sannan ya dubi Ma'azu, ya ce in harka ta kankama yana son mutum irinsa a bargar, zai nema masa takardar aiki.

Ma'azu ya san tafiyar kwanaki ce daga arewa. Ya san mai goɗiya ba ya wahalar da dabbarsa don dokin da ba a ga ɗansa ko ɗaya ba, balle a garin da zafi da laima suke dafa mutum. Ya kuma san ko an haifi 'ya'yan, sai an yi shekaru kafin su shiga fili a san ko suna gudu. Duk wannan ya faɗa wa Alhaji a mota, sau ɗaya, a hankali. Alhaji yana danna waya ya ce ai kasuwa a bar wa 'yan kasuwa, shi dai doki aka ce ya duba. Ma'azu bai sake tayar da maganar ba. Zancen takardar aikin nan ya riga ya shige shi. A daren bai ci abinci ba, ya kira Fasuma ya ce mata ta yi addu'a, wata ƙofa na shirin buɗewa.

Ranar Juma'a, bayan an idar da salla a masallacin Huaisheng, Alhaji ya tara mutane a bakin titi yana nuna musu bidiyon dokin. Ya ce shi ya riga ya shiga, kuma ya roƙi Lawban ya bar wa 'yan uwa ɗan gurbi. Duk wanda ya yi tambaya sai ya nuna masa Ma'azu.

"Ga ɗan dillalin dawakai nan, a kan sirdi aka haife shi. Ku tambaye shi."

Suka tambaye shi ko dokin na da kyau, ya ce yana da kyau. Ba wanda ya tambayi goɗiya, shi ma bai ɗago zancen ba a gaban Alhaji. Mutane da dama suka haɗa hannu suka sayi rabo, har da waɗanda jarinsu bai wuce kwali kaɗan ba. Ni ban shiga ba, ba don hikima ba, a lokacin kayana sun maƙale a Legas.

Wannan shekarar ita ce mafi daɗi da na ga Ma'azu ya yi. Duk ƙarshen mako sai ya hau jirgi, ya sauya mota, ya je bargar. Ba a biyansa komai. Ya wanke dokin, ya taje masa geza, ya zagaya da shi. Sunan Sinanci ne a takarda, shi kuwa Bikili yake kiransa, har dokin ya riƙa haniniya in ya ji muryarsa. Yakan dawo da gashin doki a riga yana waƙe-waƙen mutanen Maraɗi a banɗaki. Takardar aiki kuwa, duk ranar da ya tambaya, Liang ya ce saura kaɗan.

Bazara ta zo, goɗiyoyi ba su zo ba sai 'yan tsiraru na abokan Liang, su ma rangwame aka yi musu. Liang ya ce shekarar farko haka take. Kafin ta biyu sai ga annobar korona. Aka rufe hanyoyi, motar dabba ba ta ƙetare lardi, mu kanmu baƙaƙen fata muka sha wuya wajen masu gidajen haya. Alhaji yana Kano, ba jirgi. Masana'antar takalma ta tsaya. Da aka kai 'ya'yan Bikili na farko kasuwar gwanjo a arewa, aka ce siffarsu ba laifi, amma masu saye sun fi son duƙushin da aka haifa a waje. Aka sayar da su a wulaƙance ga wuraren koyon hawa. Ko ɗaya ba a horar don tsere ba. Har yau ba mai iya cewa jinin dokin nan yana gudu ko ba ya gudu, don ba a gwada ba.

Masu rabo suka fara kira. In sun kira Liang ya ce meyo, wato babu: babu riba, babu mai sayen rabonsu. In sun kira Alhaji ya ce shi ma asarar ta ci shi, kuma shi bai san doki ba, abin da masani ya gaya masa ya bi. Ma'azu kuwa yana nan kusa, ana ganinsa a masallaci da wajen cin abinci. Aka laƙaba masa Sarkin Dawaki. Wani ya ce Liang ya ba shi la'ada a ɓoye, maganar ta zaga har Maraɗi, Fasuma ta kira tana kuka tana tambaya ko gaskiya ne. Na ga ya ajiye wayar a kan katifa ya bar ta tana magana ita kaɗai. Da kasuwa ta fara buɗewa, baƙin da ke nemansa suka koma wajen wasu. Ya shiga aikin sito, ɗaure kwali da loda kwantena, da kafaɗar da ba ta warke daidai ba.

Liang bai rufe bargar ba, ya mayar da ita wurin shaƙatawa. Iyaye suna kawo yara su hau doki, amare da angwaye suna zuwa ɗaukar hoto. Bikili ya fi kowane doki kyau a hoto, amma ingarma ne, ya ciji wani mai ɗaukar hoto a hannu. Sai Liang ya yanke shawarar a fiɗiye shi. Ya aiko wa Ma'azu saƙo cewa dokin ba ya barin kowa ya matso da allura, ya zo ya taimaka.

Na ce masa kada ya je. Ya ce in bai je ba da igiya za su kayar da dokin, su karya masa ƙafar nan mai tabo.

Ya je. Ya riƙe kan dokin yana yi masa magana da Hausa har likitan dabbobi ya soka allurar, ƙafafun suka saki, dokin ya kwanta a kan ciyawa. Ma'azu ya zauna a ƙasa ya ɗora kan a cinyarsa, ya rufe masa ido da rigarsa har aka gama. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Da dokin ya farfaɗo ya miƙe yana rawar jiki, Liang ya dafa kafaɗar Ma'azu ya ce sheshe, wato na gode, ya miƙo masa jan ambulan irin na tukuicinsu da kwalin shayi. Ma'azu ya ajiye su a kan bokitin ruwa ya fito. Bai jira mota ba, ya taka har bakin babban titi. Da ya iso gida wandonsa duk ciyawa da jini. Ya jiƙa shi a bokiti, ya zauna a bakin gado. Na tambaye shi yaya, ya ce an yi lafiya. Bai ƙara komawa bargar ba.

Bara Alhaji Umar Faruƙ ya dawo Guangzhou. Ya bar takalmi, yanzu fitilu da batura masu aiki da hasken rana yake saro, kuma ga alama asarar doki ba ta rage masa komai ba. Muka haɗu da shi a ƙofar masallaci, mutane kewaye da shi. Ya hango Ma'azu yana neman takalminsa, ya ɗaga murya ya kira shi. Ma'azu ya zo ya rusuna ya gaishe shi. Alhaji ya riƙe hannunsa ya juya ga jama'a, ya yi ɗan wa'azi a kan ƙaddara da yadda ɗan Adam ajizi ne, kowa yana iya kuskure a sana'arsa.

"Ma'azu, abin da ya wuce ya wuce. Ni dai na yafe maka duniya da lahira."

Mutane suka yi ta sa wa Alhaji albarka. Ina kallon wuyan Ma'azu, jijiya ta tashi tana motsi. Kwana biyu kafin nan Fasuma ta aiko cewa an koro babban ɗansu daga makaranta saboda rashin biyan kuɗi, aikin sito kuma ya ja baya. Ma'azu ya sunkuyar da kai.

"Na gode, Alhaji. Allah shi ƙara girma."

Alhaji ya ce gobe da safe ya same shi a masauki, akwai masana'antar batura da za su je dubawa, kuma ya zo da wuri don kada rana ta yi. Ya miƙa masa jakarsa. Ma'azu ya rataya ta a kafaɗa mai lafiyar, ya wuce gaba ya tsayar masa da tasi.