Likkafanin da Ya Dawo daga Teku

Tun ina ƙarama sana'ar Inna ɗaya ce: wanke likkafani da ruwan zamzam. Alhazai su sayi farin yadi a unguwar Aziziyya su kawo mata, ta jiƙa, ta shanya a saman gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka, ta ninke, su tafi da abinsu gida su ajiye wa ranarsu. Lokacin hajji saman gidan fari fat yake komawa. Ni dai na tsani shanyar nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Autanmu kuwa wasan ɓuya yake yi a cikinta.

A Makka aka haife shi, amma takarda ta ce baƙo ne. Da ya girma ya gaji da ɓuyan gaske, na gudun masu kamen baƙi, sai ya samu aikin kicin a jirgin ruwan masu yawon buɗe ido. Ranar tafiyarsa Inna ta yanka likkafani daidai tsawonsa, ta cusa a ƙasan jaka.

"Haba Inna, shugul zan tafi, neman abinci, ba lahira ba!"

"Auta, ɗan Makka ba ya fita hannu rabbana."

Na ce mata wannan ai mugun fata ne. Ta ce in ja bakina.

Auta yakan aiko mini da saƙon murya, in kunna wa Inna muna tsintar shinkafa. Jirginsu yana zagaya can ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙasa ta ƙare, sai wani baƙin dutse tsaye a cikin ruwa. Ya ce raƙuman ruwan wurin sun fi benayen Aziziyya tsawo. Sai sun jiƙa mayafin tebur kafin su jera faranti, in ba haka ba miya ta tafi yawo. Tsofaffin Turawa kuma su yi ta amai, da sun farfaɗo su ruga taga ɗaukar hoto. Inna ta ce Allah ɗaya, gari bamban.

Abu ɗaya ne bai yi dariyarsa ba. "Yaya, wallahi ban san gabas ba a nan. In tayar da salla ina fuskantarku, kafin in sallame jirgi ya juya mini baya gare ku." Mu da muka tashi muna hango hasumiyar Harami daga saman gida, wa ya taɓa koya mana neman alƙibla?

A saƙonsa na ƙarshe iska ta fi muryarsa yawa. Ya ce yau za su wuce dutsen, zai leƙa waje ya gani da idonsa. Bayan haka sai ƙugin iska kawai, da ƙarar wani abu yana kaɗawa, faf, faf. Daga baya aka kira ni daga kamfanin jirgin aka ce ruwa ya share shi daga bakin jirgi. Sun nema, ba su samu ba.

Jakarsa ce ta dawo. Likkafanin yana nan a ninke yadda Inna ta sa shi, sai dai yana warin gishiri da man inji.

Mutuwar ba ta cinye Inna kamar rashin kabarin ba. "Kowa yana da inda ake tsayawa a yi masa sallama," in ji ta, "ban da ɗana." Ta koma yini a Harami. Duk gawar da aka kawo bayan salla, sai ta miƙe ta bi sahu, ba ta san mai ita ba. Ni kuma na daina hawa sama. In iska ta taso yadin alhazai ya fara faf, faf, sai in ji saƙon nan a kunnena. Na ji haushin teku, na ji haushin Auta da ya leƙa, har Inna na ji haushinta da ta haɗa masa guzurin da bai yi amfani ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta sa na ɗauko likkafanin.

"A wannan za ku sa ni."

"To bari in sake wanke shi, Inna. Yana wari."

"Kul! Ya riga ya sha zamzam ɗinsa. Warin nan shi kaɗai ya rage mini."

Ni na naɗe ta bayan an yi mata wanka. Inna gajeruwa ce, yadin kuwa tsawon Auta ne, ya wuce ƙafafunta da kusan kamu guda. Mai wankan ta ɗauko almakashi, na riƙe hannunta. Na ninka ragowar a ƙarƙashin dugadugan Inna, na ɗaure.

Mata ba sa rakiyar gawa zuwa maƙabarta, don haka a bakin ƙofa na tsaya maza suka ɗaga makara. Da suka gifta ni, warin gishirin ya bugi hancina. Na yi musu sallama su biyu.