Piyanon Kawu Sale da Kunnen Yaron Nan

Duk wanda ya taɓa gayyatar Kawu Sale biki tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ya san ba a ce masa ya fara. Zai sauke piyanonsa daga bayan babur, ya jona shi da inji, ya kunna, sannan ya koma gefe yana cin goro. In an yi magana ya ce, "Bai farka ba tukuna. Kai in an tashe ka daga barci, waƙa kake fara yi?" Tsohon piyano ne mai gefen katako, fuskarsa cike da abubuwan murɗawa, kuma sai cikinsa ya yi ɗumi muryarsa take daidaita. A Wurno an taɓa kai amarya ɗakinta aka dawo, shi yana nan yana jira. Da abin ya farka sai ya yi wa masu wanke tukwane kiɗa, ya ce ai su ma 'yan biki ne.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma tunda ya rasu kowa yana ba da labarinsa, ba kuma wanda ya sha kunya a hannunsa kamar ni. Shi kaɗai ne kuma na iya gaya wa lokacin da nake tsoron ɗana na fari ba ya ji.

Kunyar ta fara ne tun ranar da aka kai ni Gwaram. Piyanon ba ya son rana. Da zafi ya buge shi sai muryarsa ta zame, ana tsakiyar rawa ya koma kukan saniya. Kawu ya waiga, ya hango laimar da aka riƙe wa mahaifin mijina, ya je ya karɓe ta ya yi wa piyanon inuwa.

"Alhaji, kai manomi ne, ka saba da rana. Wannan baƙo ne."

Ina cikin lulluɓi ƙawata ta raɗa mini abin da ya faru. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Bayan haka ƙanin mijina, Habibu, ya sayo sabon piyano daga Kano. Mara nauyi, ana kunnawa yake fara aiki, rana ba ta damun sa. Yana riƙe sautin da aka saita, ba kamar na Kawu ba da kullum sai an sake murɗe-murɗe, har Kawun ya yi wa kowane wuri alama da jan farcen matarsa. Sabon yana fitar da sauti da yawa tare, tsohon kuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ƙona wa Kawu rai shi ne an ce an yi shi ne don ya kwaikwayi muryar irin nasa.

"Hoton murya ne," in ji shi. "Ka taɓa ganin an auri hoto?"

Habibu ya ce a gwada. Aka ɓoye piyanon biyu a bayan zana, ya danna wannan, ya danna wancan. Kawu ya rufe ido ya ce, "Na biyun nawa ne. Ko cikin kasuwa na ji shi zan gane shi." Aka ɗaga zana, ashe na Habibu ne. Zaure ya fashe da dariya, shi ko gezau.

"Muryar da na nuna tawa ce. A hannun ɓarawo kawai na same ta."

To, na zo kan yaron nan. Kun san yadda ake da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukar sa a gaban surukata Hajiya, ko kuka yake yi sai in yi kamar ba nawa ba ne. Ya fara zama, sai na lura in murfin tukunya ya faɗi ba ya waiwayowa. In ba kowa a tsakar gida sai in tafa a bayansa, yana nan yana tsotsar babban yatsan ƙafarsa. Abinci ya daina shigar mini. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa Hajiya na damu da shi, ni da bai kamata a ga ina kallon sa ba?

Da Kawu ya zo gaishe mu, na raka shi bakin ƙofa na raɗa masa, na ce don Allah kada kowa ya ji.

"Haba Balaraba, ni mai surutu ne?"

Washegari da hantsi sai ga shi da piyano a bayan babur. Tun daga zaure yake kiran Hajiya, yana cewa Balaraba ta ce jikanki kurma ne, a fito da shi. Matan gida suka fito, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na juya wa tsakar gida baya ina wanke kwanon da na riga na wanke.

Aka zaunar da yaron a tabarma. Habibu ya ce nasa ba ya buƙatar jira, ya kunna a bayansa, ya danna wani sauti mai daɗi kamar sarewa. Yaron bai motsa ba. Ya sake. Shiru. Sai Kawu ya kunna nasa ya zauna ya ciro goro.

"Sale, yau ma?" in ji Hajiya.

"Kina so ya yi wa jikanki ƙarya?"

Ban taɓa jin haushin mutum kamar lokacin ba. Da ya ga dama ya tashi, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya danna. Wani irin gurnani ya fito wanda na ji shi har cikin haƙorana, kaji suka watse. Yaron ya zabura, ya waiwaya, ya tsala ihu.

Ban san lokacin da na jefar da kwano ba. Na ɗauki yaron, na rungume shi, ina ta kiran sunansa da ƙarfi, sunan Alhaji ne kuwa aka sa masa. Sai da na ɗago na ga duk gidan ni ake kallo.

"Ashe kin san sunansa," in ji Hajiya. Tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Habibu ya ƙure ƙarar nasa ya danna, yaron ya sake fasa kuka. Habibu ya ce, "Kawu, ga shi nawa ma yana ji."

"Bayan nawa ya buɗe masa kunne?"

Hajiya da kanta ta kai shi asibiti, aka ce kunnensa lafiya lau, rashin kula ne kawai irin na ubansa. Ni kuwa na daɗe ba na iya haɗa ido da ita. Har yau in na wuce matan gidan sai wata ta tambaye ni ya sunan ɗan nan ma.

Kawu, ka tona mini asiri a gaban surukaina, kuma daga ranar na fara cin abinci. Ban iya yi maka godiya ba, kunya ta hana ni. Allah Ya ji ƙanka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sanyaya maka rai kamar yadda ka sanyaya nawa.