Kujerar Sauƙi

Lokacin korona, a gidanmu na haya a unguwar Wangsa Maju da ke Malesiya, zazzaɓi ya kwantar da matata har ta kasa zuwa banɗaki. Likita ta ce mini a waya in sayo komod, kujerar nan mai fo a ƙasa.

Asalin kalmomi nake karantawa, don haka na san tushen kalmar: commodus, a Latin, wato abu mai kawo sauƙi. Sauƙin me? Ina cicciɓar ta zuwa kujerar, numfashinta na sarƙewa.

"Malam, hannunka na rawa," ta ce da ƙyar.

"Nauyi gare ki," na ce.

Ƙarya nake. Ba ta da nauyi ko kaɗan.