Hannun Sahabi Mai Fiɗa

Duk Ƙofar Marke an san maƙwabcina Sahabi da fiɗa. Tun yana yaro ubansa ya danƙa masa wuƙa, amma rabin aikinsa da dunƙulen hannu yake yi. Ya tsaga kaɗan, ya cusa hannun dama tsakanin fata da nama, ya murɗa, sai fatar akuya ta sauko kamar an tuɓe riga. Majema har rububin fatunsa suke yi. Da hannun nan ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ya rufa wa kansa asiri.

Bara ya faɗo daga babur a Runjin Sambo, ya dafa ƙasa, wuyan hannun ya karye. Aka kai shi gidan mai ɗori. Mutumin ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, ya ɗaure hannun Sahabi da karare, ya ce ranar da kazar ta taka shi ma ya warke. Kaza ta taka, har ta koma tonon juji abinta. Hannu kuwa ya kumbura, ya karkace, ko buta ba ya ɗauka.

'Yarsa Fauziyya ce ta ja shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashi, ya ce karayar ta shiga cikin gaɓa, ƙashin ya farfashe, ya kuma fara haɗewa a karkace. Sai an buɗe an sake raba shi, a jera gutsattsarin daidai, a kama su da ƙarfe da kusoshi.

Sahabi ya zaro ido. "Mi kac ce, likita? A sake karya shi? To ai kazat ta warke!"

"Wace kaza, Baba?" in ji likita, yana duban Fauziyya.

Sahabi ya daɗe kansa a ɗaure. Gaɓoɓin da ya raba a rayuwarsa sun fi a ƙirga, bai taɓa ganin wadda aka mayar ba. Wani ya ce ƙarfen zai yi tsatsa da damina, wani ya ce da shi za a binne shi. Ya dai yarda, ba don ya gane ba.

Aka yi aikin. Zafi ya tafi, yatsu suna motsi, yana cin tuwonsa da dama. Likita ya ce ƙashi ya haɗe sumul, amma gaɓar ba za ta lanƙwasu kamar da ba, don an zo a makare. Sahabi ya kasa haɗa maganganun nan biyu. A hanya ya tambayi Fauziyya, "Ke, na warke ko ban warke ba?" 

Da Babbar Sallah ya yanka ragonsa, ya tsaga, ya cusa hannu. Gaɓa ta ƙi juyawa. Ya sake, ta ƙi. Ina tsaye a kansa. Can ya goge wuƙar ya miƙo mini, ni da ko zomo ban taɓa feɗewa ba.

"Malam Jelani, kama mani. Ni in riƙe maka ƙahwa."